Ga 'yar'uwar da ta ce ta yi azumi kwana bakwai, shiru

'Yar'uwa, kin ce maigidanki ya rasa aiki, kin yi azumi da addu'a kwana bakwai, kina tambaya ko Allah yana ceto yanzu kamar a zamanin Littafi Mai Tsarki. Ni ba fasto ba ce, ɗinki nake yi a Aboabo nan Kumasi, amma na taɓa zama inda kike.

Shekarar da mijina ya rasu, mai gidan haya ya ce sai kuɗin shekara biyu gaba, ko mu kwashe kaya. Yara uku, ko sidi ɗari ba ni da shi. Na yi ta jiran wani ya buga ƙofa da ambulan a hannu. Ba wanda ya zo.

Wata tsohuwa a cocinmu ce ta zaunar da ni ta buɗe mini Farawa 21. Hajara tana jejin Biyasheba, ruwan salka ya ƙare, ta ajiye Isma'ilu ƙarƙashin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa. Tsohuwar ta ce, "'Yata, duba aya ta 19. An rubuta cewa Allah ya buɗe idonta ta ga rijiya. Ba a ce ya haƙa sabuwa ba." Sai ta kai ni 2 Sarakuna 4, gwauruwar da mai bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Tambayar Elisha ita ce me take da shi a gida. Ɗan mai ne kawai, kuma sai da ta bi maƙwabta aron tuluna.

Aron tulunan nan ne ya fi mini wuya, don kunya ce ta hana ni faɗa wa kowa. Da na buɗe baki, maƙwabciyata, Hajiya ce ma, ta ba mu ɗaki ɗaya, na jawo tsohon keken ɗinkina daga ƙarƙashin gado na fara da kayan 'yan makaranta.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. A Ayyukan Manzanni 12, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, amma a babin nan Hirudus ya riga ya kashe Yakubu da takobi. Nawa mijin ma an yi masa addu'a sosai. Saboda haka duk mai ce miki ki kawo kuɗin "shuka iri" ya ba ki ranar da aiki zai zo, ki riƙe kuɗinki ki saya wa yara koko.

Ki faɗa wa shugabar zumuntar mata ranar Lahadi. In kuma maigidan ya iya tuƙi, ki turo mini saƙo, ƙanena yana neman direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya.