Kwantirolar faifai ta biyu a madabod: in kashe ta?

Tambaya: Malam, na sayi kwamfutar tebur ta hannu mai madabod (babban allon da ke cikin kwamfuta) Gigabyte GA-P35-DS3R. Duk sanda na kunna ta, sai wani baƙin shafi ya fito yana laluben faifai, ya ce bai samu ba, sannan Windows ta tashi. Wani ya ce kwantirola (cif mai sarrafa faifai) ce ta biyu, in kashe ta a BIOS (shafin saitin madabod). Ba zan ɓata wani abu ba?

Amsa: Mutumin nan ya gaya maka gaskiya, amma kafin ka taɓa BIOS, ɗauko sukudireba ka buɗe murfin akwatin.

Ga asalin abin. Tun 2006 Intel ta daina sa hanyar IDE, wato ta faffaɗar wayar nan mai kama da ɗamara, a cikin sababbin cif ɗinta na madabodin kwamfutar tebur. A lokacin kuwa yawancin na'urorin DVD da ita suke aiki. Sai kamfanoni suka riƙa liƙa wani ɗan cif na kamfanin JMicron don toshe giɓin. Gigabyte ta sa masa sunanta, GIGABYTE SATA2, amma JMB363 ne. Shi ne ke tsayar da kai kullum yana cigiyar faifan da babu.

To, leƙa ciki. Za ka ga ramukan SATA, wato inda ake soka siririyar wayar faifai, guda shida masu launi ɗaya, waɗannan na Intel ne. Gefe guda akwai biyu masu launin shunayya, sai kuma doguwar kafar IDE. Waɗannan ukun duk a hannun JMicron suke. In ba waya ko ɗaya a jikinsu, kashe abinka. In DVD ɗinka na kan faffaɗar waya, ka sani kana kashewa zai ɓace daga Windows. In kuwa faifan da Windows take ciki ne aka soka a ramin shunayya, abin da masu gyara na gaggawa suke yawan yi, kashe kwamfutar, zare wayar wuta, ka mayar da shi ramin Intel, ka tabbatar ta tashi lafiya tukuna.

Sauran aikin minti biyu ne. Danna Delete kwamfutar tana kunnuwa, shiga Integrated Peripherals, nemi layin Onboard SATA/IDE Device, mayar da shi Disabled, danna F10 ka adana.

Inda mutane ke jawo wa kansu shi ne layin SATA RAID/AHCI Mode da ke shafi ɗaya. Wannan na Intel ne, kada hannunka ya kai gare shi. In ka canja shi bayan an riga an sa Windows, shuɗin allo za ta nuna maka da lambar 0x7B. Ko hakan ta faru, ba abin da ya goge. Mayar da shi yadda yake.

Ribar ba ta da yawa, kada a ruɗe ka: 'yan daƙiƙoƙi wajen tashi, da rabuwa da direba ɗaya, wato manhajar da ke tafiyar da cif ɗin. Gudun kwamfutar ba zai ƙaru ba.

Abu na ƙarshe, madabod ɗin nan na 2007 ne. In ka ga baƙin shafin ya dawo bayan an ɗauke wuta, agogon kwamfutar ma ya rikice, ɗan batirin CR2032 ne ya mutu. Canja shi, ka sake saitin.