Amsa kan tsohon injin busar da kaya na gwanjo

Malam, ka tambaya ko tsohon injin busar da kaya da ka gani a gwanjo, ɗan Amurka mai maɓallin da ake murɗawa da hannu, ya cancanci kuɗinka. Irinsa nake amfani da shi a gidana, kuma ina ƙaunarsa ƙwarai. Ba shi da allon kwamfuta da zai ƙone in wuta ta yi rawa. Injin lantarki ne mai juyawa, da bel, da gangar da ake zuba kaya a ciki, da wayar da ke ba da zafi, shi ke nan. Lokacin damina, tawul da kayan makarantar yara cikin awa guda sun bushe ƙayau.

Amma ka lura da wuta, nan ne maganar take. Na Amurka an ƙera su ne don 240 bolt da 60 hez (ma'aunin saurin bugun wutar lantarki), wutarmu kuwa 50 hez ce, shi ya sa agogonsa ke ɗan jinkiri. Yana jan kusan wat 5,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, kuma sai mai gyaran wuta ya ja masa layinsa daban. Na Turai sun fi sauƙin cin wuta.

Kafin ka biya, sa a kunna shi a gabanka. Kasa kunne: in ganga na ƙara, tayoyinta sun cinye. Zaro matatar da ke tare burbushin zare, ka leƙa bututun iska. Ranar da na buɗe nawa, burbushin zare ya cunkushe kamar audugar katifa, kuma wannan ne ke haddasa gobara. Shaddarka mai sitaci kuwa, don Allah bar ta a igiya.