Tambayi likita: maganin PrEP, shaye-shaye da maza masu neman maza

Saƙonni uku na ɗauko wannan satin, duk sun ce kar a faɗi sunansu.

Wani saurayi daga Kano ya rubuto: "Likita barka da aiki, ni namiji ne mai neman maza, na ji ana cewa akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau, da gaske ne ko labari ne?"

Da gaske ne ƙanina. PrEP ake kiransa, ƙwaya ce mai haɗin tenofovir da emtricitabine, tun 2012 aka amince da ita a Amurka. Idan ana sha kullum ba fashi tana rage haɗarin kamuwa ta hanyar saduwa da kusan kashi 99 cikin 100, amma ga mai saduwa ta dubura sai an yi wajen kwana 7 ana sha kafin kariyar ta kankama. Kar ka je kemis ka saya kawai, dole a fara gwada ka a tabbatar ba ka ɗauke da cutar, a duba ƙoda da ciwon hanta nau'in B, sannan duk wata 3 ka koma gwaji. Akwai ma ta allura, cabotegravir, duk wata 2, sai dai ba ko'ina ake samu ba. Na san dokar Nijeriya ta 2014 da ta haramta auren jinsi ta sa da yawanku tsoron asibiti, amma sirrin majinyaci amana ce a wuyan likita.

Na biyu ya ce: "Dokta ina shan PrEP, amma in mun haɗu da abokai mukan sha tiramol da giya, wani lokaci har ais (ƙwayar maye da ake kira crystal meth), shin suna kashe ƙarfin maganin?"

Ba sa kashe shi a cikin jini, kai suke kashewa. Wanda ya yi kwana biyu a buge ba barci ina zai tuna da wata ƙwaya, ga kwaroron roba an manta da shi, ga saduwa ta yi tsawo har fatar dubura ta yage, nan kuwa ƙwayar cutar ta samu ƙofa. In kuma allura kuke yi kuna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ciwon hanta nau'in C ma yana jiranku, shi PrEP ba ruwansa da shi, haka ciwon sanyi da tunjere. Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka taɓa haɗa Viagra da ruwan shaƙar nan da ake kira poppers, jini ke faɗuwa farat ɗaya, mutum na iya sumewa ko ma ya wuce. Ka sa ƙararrawa a wayarka saboda maganin, kuma ka gaya wa likitanka gaskiyar abin da kake sha.

Na ƙarshe, hankalinsa a tashe: "Jiya roba ta fashe mana, ban san matsayin mutumin ba, ya zan yi?"

Tashi yanzu ka tafi asibiti ka nemi PEP, wato maganin gaggawa da ake sha don hana kamuwa da ƙanjamau bayan an riga an shiga haɗari. Cikin awa 72 ake fara shi, gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa, kuma kwana 28 za ka yi kana sha. In da basilin ko man shafawa kuka yi amfani, to shi ya cinye robar, nan gaba ka nemi mai santsi na ruwa.