Kyanwata ta tsufa, rana barci dare kuka, ko lafiya?

Tambaya: Salamu alaikum Dokta, daga unguwar Nima a Accra nake rubutowa. Kyanwata shekararta 14 a gidanmu, yanzu wuni take tana barci a bayan firij, ta daina hawa kujera, tsakar dare kuma sai ta dinga wani irin kuka har maƙwabta sun fara cewa ba ita kaɗai ba ce. Wata ta ce in ba ta farasitamol. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Kafin komai dan Allah kar ki ba ta farasitamol ko ɓari ne, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya ta 500mg tana iya kashe ta, za ki ga fuska ta kumbura dasashi ya canza launi numfashi ya gagara. Ibuprofen ma kar ki kusantar da shi, ƙoda yake lalata mata.

Shi barcin kansa bai tayar min da hankali ba. Lafiyayyar kyanwa dama tana yin awa 12 zuwa 16 a rana, tsohuwa kuma tana kaiwa 18 har 20, kuma shekara 14 a wurinsu kamar mutum ne da ya haura 70, kinga ai dole ta yawaita kwanciya. Asuba da magariba ne lokacin zirga-zirgarsu tun asali.

Abin da ya tsaya min shi ne daina hawa kujerar. Yawanci ciwon gaɓoɓi ne, kuma kyanwa akwai ɓoye ciwo, ba za ta yi ɗingishi ki gani ba sai dai ta bar tsalle, ta bar lasar bayanta gashin ya cukurkuɗe, ta nemi wuri mai ɗumi, shiyasa ta zaɓi bayan firij inda injin ke fitar da zafi. Ki shimfiɗa mata tsohon bargo a cikin kwali mai gajeren baki, musamman da hunturu, ruwa da abinci su kasance a ƙasa kusa da ita.

Kukan dare kuwa ba aljanu ba ne Hajiya, kuma yana min ciwo yadda ake korar tsofaffin dabbobi daga gida saboda wannan magana. Wata kyanwar ƙwayar maƙogwaronta ce, wadda muke kira tayirod, ke aiki fiye da ƙima, sai ki ga tana ci sosai amma tana ramewa. Wata hawan jini ne, har ya taɓa idonta. Wata kunne ne ya mutu ba ta jin muryar kanta, wata kuma ruɗewar tsufa ce, ta farka cikin duhu ta rasa inda take. Ki bar mata ƙaramar fitila, ki ɗan yi wasa da ita bayan magariba sannan ki ba ta abinci kafin ku kwanta.

Ki lura da shan ruwanta, in ya ƙaru fitsari ma ya ƙaru toh ƙoda muke zargi, ciwo ne da ya yi yawa a wannan shekarun. Idan tana barci ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya, bai kamata ya wuce 30 ba, in ya wuce ko tana numfashi baki buɗe a ranar za ki kai ta. In ba haka ba ma ki kai ta cikin satin nan, akwai likitocin dabbobi a cikin Accra, akwai kuma makarantarsu a Legon, ki ce a auna nauyi da hawan jini, a gwada jini da fitsari. Ki ɗauki bidiyon kukan a waya ki tafi da shi, don a gaban likita shiru za ta yi.