Amsa ga ɗan'uwan da barci ya ƙaurace wa tun bayan azumi

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye almakashi na nemi wuri na zauna, don ji na yi kamar labarina ka ɗauka ka rubuto. Ka ce tun bayan azumi barcinka ya birkice, kana kwanciya sha ɗaya amma idonka biyu har ukun dare, da rana kana gyangyaɗi a wurin aiki, sau biyu dannau ya kama ka, kuma kana tambayar wane maganin barci za ka saya a kemis. Na ga har wasu sun fara jero maka sunayen ƙwayoyi a ƙasa. Don Allah ka dakata tukuna. Ni na bi wannan hanyar, na san inda take ɓullewa.

Ni tela ne, kuma abin dariyar, a Kasuwar Barci ta Kaduna na yi shekaru ina ɗinki. Kasuwar da manya ke cewa ta samo sunanta daga 'yan kasuwar da ke sharar barci a rumfuna saboda rashin masu saye, ni a can nawa barcin ya gudu.

Azumin 2019 ne, wanda ya faɗo cikin watan Mayu. Lokacin ina ƙarƙashin wani maigida, ba zan kama suna ba, shi da Allah. Mu biyar ne a shagon, ya karɓi ɗinkin da mutum goma ba za su gama ba. Ana idar da tarawi mu hau keke, sai sahur. Janareta na ruri a bakin ƙofa, fulas ɗin mai shayi a gefe, ruwan bunu mai kauri an zuba masa Nescafe, ga goro a aljihu. Bayan Asuba mu zube kan tarin yadi mu yi awa biyu, in an yi sa'a uku. Shi kuwa maigida tara na dare ta yi ya tafi gida, sai hantsi ya shigo da ƙamshin turare yana tambayar me ya sa ba a gama na Alhaji wane ba.

Daren ashirin da bakwai ba zan manta shi ba har in koma ga Allah. Shaddar wani ango ce, fara sol, yadi goma, ta babbar riga da 'yar ciki da wando. Na shimfiɗa ta a tebur, na yi awo, na ja alli. Wajen ƙarfe uku ne. A tsaye nake, idona a buɗe, wallahi ban san na yi barci ba. Abin da kawai na tuna shi ne ƙarar almakashi, ƙyas ƙyas, sai na farga na datse shaddar ya fi taƙi guda nesa da layin allin. Na tsaya ina kallonta, hannuna na rawa. Na yi ta haɗa bakin yadin biyu kamar za su manne da kansu.

Da safe mutumin nan ya tara mini jama'a. Gaban yaran da ni na koya wa riƙe allura, gaban maƙwabtan shago, ya ce ƙwaya nake sha. Ya sa aka zazzage aljihuna. Ɓarin goro aka samu da farasitamol guda biyu, amma duk da haka bai janye maganar ba. Ya cire kuɗin shaddar daga haƙƙina, wata uku ina biya. Sallar nan 'ya'yan tela da tsofaffin kaya suka je idi. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba, sunan ne. Har yau akwai wanda in mun haɗu a Tudun Wada sai na ga yana mini wani irin kallo. Mutumin da ya hana ka barci kwana ashirin da ɗoriya, shi ne kuma zai tsaya yana tambayar me ya same ka. Na yafe, ana cewa a yafe, amma duk sanda na ɗauki farar shadda sai gabana ya faɗi.

To Salla ta wuce, aiki ya lafa, barci kuma ya ƙi dawowa. In kwanta, jiki ya gaji liƙis, amma kai kamar an kunna rediyo. Ina jin usur ɗin 'yan sintiri, ina jin haushin karnuka, ina duba waya ina lissafi: in na yi barci yanzu zan samu awa uku, yanzu saura biyu. Har a kira assalatu. Sai dannau ya biyo baya. Ina kwance rigingine, ina ganin silin, ina jin numfashin maiɗakina a gefe, amma ko ɗan yatsa na kasa ɗagawa, ƙirji kamar an ɗora buhun siminti. Daga nan na faɗa kemis. Yaron ya ba ni Valium ba tare da takardar likita ba. Satin farko na ce na samu lafiya. Kafin wata biyu guda ɗaya ba ta yi mini, ranar da ban sha ba kuwa ko runtsawa. Ka ga ikon Allah, sunan da aka laƙa mini bisa ƙarya saura ƙiris ya tabbata.

Yayata ce ta matsa sai na je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na yi ta tirjiya, na ce ni ba mahaukaci ba ne. Jahilci ne kawai, masu rashin barci da masu damuwa suna zuwa can kamar kowane asibiti. Likitar da ta duba ni ta juya bayan wata takarda ta zana mini layi biyu, kuma abin da ta faɗa, da wanda na bi na karanta daga baya, shi ya canza mini komai.

Ashe abu biyu ne ke kawo barci. Na farko kamar yunwa yake. Tun daga sanda ka farka wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yawan taruwarsa yawan nauyin ido, in ka yi barci ya ragu. Kafeyin da ke cikin shayi da kofi da goro da lemukan ƙara kuzari ba ya kwashe adinosin ɗin, toshe wurin da yake zama kawai yake yi, sai ƙwaƙwalwa ta kasa jin gajiyar da ke nan jibge. Kuma yana daɗewa a jini: bayan awa biyar ko shida rabinsa na nan. Wato shayin da ka sha bayan Magariba, sha biyun dare rabinsa na aiki a kanka. Kai da ka ce kana gyangyaɗi da rana, na tabbata da shayi kake korar shi, ko ba haka ba? Ni yanzu daga Azahar na rufe. Goro ma na bari, sai a ɗaurin aure in karɓa in kai wa tsohuwa.

Na biyu agogo ne a cikin kai, wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido suka gitta juna. Da haske yake saita kansa. In duhu ya yi sai jiki ya saki melatonin, sinadarin da ke shaida masa dare ya yi, zafin jiki ya ɗan sauka, barci ya samu hanya. Masana uku 'yan Amurka sun ci lambar Nobel a 2017 kan gano yadda irin wannan agogon ke aiki, kuma a jikin 'yan ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka yi binciken. Wata guda muna kwana ƙarƙashin fitila mai haske muna barci da hantsi, agogon ya ɗauka dare ya koma can. Naka ma haka ya yi. Ba ya dawowa don an kwanta da wuri, da lokacin tashi da hasken safe ake jawo shi.

Nan ne na sha wuya. Likitar ta ce in tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, ko na yi barci ko ban yi ba. Na zaɓi Asuba, ba komawa. In gari ya waye in fita in taka, rana ta taɓa idona. Ta kuma hana ni hawa gado tun tara ina jiran barci, ta ce sai ido ya yi nauyi da gaske, ko da sha biyu ne, in abin ya daidaita a riƙa matso da shi kaɗan-kaɗan. In na kwanta kamar minti ashirin bai zo ba, in tashi in koma tabarma a falo, fitila ƙasa-ƙasa, in ja carbi, sai ya zo in koma. Dalili, wai kai yana koyon abu: in kullum a kan gado kake juyi da tunani, da ka hau gadon sai ya farka. Satin farko kamar zan yi kuka. Don Allah a wannan satin kar ka yi doguwar tafiya kana tuƙi, kar ka ce za ka kama hanyar Zariya ko Abuja da kanka. Abin da ya same ni kan shadda, ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu kamar an ɗauke wuta, ido a buɗe, mutum bai sani ba. Ni yadi na yanka. A kan titi ba yadi ba ne.

Maganar dannau, ka kwantar da hankalinka. Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ne, zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. Akwai mara nauyi, akwai mai zurfi wanda ya fi yawa a farkon dare, shi ne in aka tashe ka a cikinsa kake magagi. Sai matakin da ido ke ta motsi a ƙarƙashin fatarsa, wanda aka gano a Jami'ar Shikago a 1953, a nan aka fi yin mafarki, kuma ya fi tsawo gab da Asuba. A wannan matakin ƙwaƙwalwa da kanta take kashe ƙarfin gaɓoɓi don kar ka tashi ka aikata abin da kake mafarki. Dannau shi ne hankali ya riga jiki farkawa, kai ka tashi, gaɓoɓi ba a sake su ba tukuna. Daƙiƙu ne zuwa minti ɗaya ko biyu, yana wucewa, numfashi kuma bai tsaya ba ko da ka ji kamar ya tsaya. Rashin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara shi. Ban ce ka bar addu'ar kwanciya ba, ni ma ba na bari, har ma ita ke kwantar mini da zuciya. Amma tun da barcina ya daidaita na koma kwanciya ta gefen dama, rabona da shi an yi shekaru.

Af, wani ya rubuta a ƙasa wai awa huɗu ta ishi namiji. Malam, da girmanka, babba na buƙatar awa 7 zuwa 9. Irin wannan maganar ce maigidana yake yi mana, shi da ke kwana a gida. Kuma masu minshari su ma su ji: wanda ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya tsaya ya ja da ƙarfi kamar an shaƙe shi, ya tashi da ciwon kai, wannan ba daɗin barci ba ne, maƙogwaro ne ke toshewa, kuma yana tafiya da hawan jini. Wani maƙwabcina mun yi shekaru muna masa dariya, ana jin nasa har waje. Matan gida ku ne kuke ji, ku faɗa musu su je asibiti.

Kailula ban hana ka ba, amma minti ashirin zuwa talatin bayan Azahar, kar ta kai La'asar, in ba haka ba ka cinye yunwar barcin dare. Zafi ma yana da hannu, shi ya sa barcin hunturu ya fi na Maris da Afrilu daɗi. In an ɗauke wuta ka watsa ruwa kafin ka kwanta, ka buɗe taga ka shiga gidan sauro. Waya kuma ka bar ta a caji nesa da kai. Ba haskenta kaɗai ba, abin da ke cikinta. Ni da kaina na sha kwana ina karanta rigimar mutanen da ban sani ba a Facebook, zuciya na tafasa, ina jiran barci ya zo.

In kuwa ka riga ka fara shan ƙwayar ba ka faɗa mana ba, ba zan ga laifinka ba, amma kar ka yanke ta dare ɗaya. Irin su Valium a hankali ake rage su ƙarƙashin kulawar likita, yankewa farat ɗaya na iya jawo abin da ya fi rashin barcin muni. Ni sai da aka ɗauki makonni ana rage mini. Kuma likitar ta tambaye ni abin da ke damuna, na buɗe baki zan ce babu komai sai ga hawaye, ashe maganar shaddar nan ce nake kwana da ita. Kai ma ka duba, ko bashi ne, ko gida, ko wurin aiki. In abin ya haura wata uku, ko ka ji duniyar ta fita ranka, ka je asibitin Barnawa ko na Barau Dikko, kar ka tsaya jin kunya irin tawa.

Yanzu ina da shagona da yara uku, kuma goman ƙarshe sha biyu muke rufewa, wanda bai kawo ɗinkinsa da wuri ba ya kai gaba. Na rasa kwastomomi a kan haka, wani har zagina ya yi bara. Ka rubuto mana ƙarfe nawa kake shan shayinka na ƙarshe, kuma bayan Asuba kana komawa ko ba ka komawa. Allah ya ba ka lafiya.