Farin rago ya fi baƙi nauyi?

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai abokanka sun ce farin rago ya fi baƙi nauyi, shi ya sa ake rububinsa lokacin layya. Na yi murmushi, amma abin ya dame ni, domin da irin wannan zancen ake cutar mai saye a kara.

Son fari yana da asali. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho, farare da ɗan sirkin baƙi. Wannan maganar falala ce, ba ta kilo ba.

Abin da ya ruɗe abokanka iri ne. Balami fari ne fat, dogon kunne, lanƙwasasshen hanci, ƙosasshensa yana wuce kilo 60. Uda gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, ga tsawon ƙafa. Ɗan ƙasa ma fari ne, da baƙi a ido da baki, amma galibi tsakanin kilo 30 da 45 yake tsayawa. Ka ga fari biyu, nauyi ba ɗaya ba. Baƙi dai ya fi jin rana, idan babu inuwa sai ya rage ci.

Kakanku yakan ce fata ta majemi ce, mai gida nama ya saya. A zamaninsu ba a taya rago sai an dafa shi. Ka danna gadon baya bayan haƙarƙari: in ƙashi ya soki yatsanka, babu nama. Ka kama ƙirji da gindin wutsiya. Ka buɗe baki, manyan haƙora biyu a ƙasa alamar ya haura shekara ce. Ka ja fatar ido, in cikinta ya yi fari, ko ƙasan haɓa ya kumbura, tsutsar ciki ta shanye masa jini.

Ana saura kwana biyu sallah ka leƙa kara da sassafe. Za ka tarar an wanke rago da sabulu har da shuɗi, yana ƙyalli, an dama masa dusa da kanwa ya yi ta ɗirkar ruwa, ciki ya yi tim. Washegari a turke sai cikin ya sace, ƙugu ya fito. Wanda ya yi wata uku yana cin harawa da kowar wake da dusa ba ya sacewa haka.

Ku kuma yanzu hoto ake turo muku a waya, ku biya. In za ka je kara, ka biyo mu tafi tare.