Ina sha a ɓoye a Manchesta, a Zariya ba wanda ya sani

Wasiƙar wannan makon daga wani ɗan Tudun Wadan Zariya ta fito, mai aikin kula da tsofaffi a Manchesta. Ya ce da gwangwanin giya ɗaya ya fara, bayan aikin dare, don barci ya zo. Yanzu in bai sha ba hannunsa rawa yake yi, kuma wata biyu ke nan kuɗin cefanen da yake turo wa iyalinsa ba ya cika. Ya ji ana taron masu neman rabuwa da giya, amma yana tsoron sunansa ya kai ofishin shige da fice, ko labari ya riga shi isa gida.

Ƙanina, sannu da ƙoƙari, Allah Ya yaye maka. Rawar hannun nan ta fi komai tsaya mini a rai, don haka da ita zan fara. Jikin da ya saba da barasa kullum, in aka yanke masa ita dare ɗaya, yana iya kawo farfaɗiya ko gane-gane da ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku, kuma ana mutuwa ta haka. Kada ka rantse da Alƙur'ani yau ka zubar da kwalabe gobe kai kaɗai a ɗaki. Je ka wurin likitan unguwa, wanda suke kira GP. A Ingila rajista da shi kyauta ce, kuma riƙe sirrin majinyaci wajibi ne a kansa. Shi zai tsara maka yadda za ka sauka a hankali.

Sai batun taro. Wanda ya fi yawa shi ne na Alcoholics Anonymous, AA a taƙaice, ƙungiyar da wasu mashaya biyu suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935. Shiga shafinsu na intanet, ka rubuta lambar unguwarku, za ka ga rana da lokaci da wuri. Ba rajista, ba katin shaida, ba wanda zai tambaye ka biza. Sunan farko kawai ake faɗi. Za ka tarar da kujeru a jere, butar shayi a gefe, da wani ɗan kwano da ke zagayawa, mai hali ya jefa fam ɗaya, marar hali ya miƙa gaba. In ka ce yau saurare kawai ka zo yi, ba mai matsa maka.

Na san abin da zai sa ka turjewa a bakin ƙofa: da yawa daga cikin tarukan a zauren coci ake yinsu. Haya suke biya don ɗakin na da araha, ba wa'azi ake yi ba. A matakansu goma sha biyu akwai maganar miƙa lamari ga Ubangiji, kowa da yadda ya san Shi, kai kuwa ka san naka. In sun yi addu'ar rufewa, ka yi shiru ka yi taka. In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai SMART Recovery da aka fara a 1994, su ba ruwansu da addini, dabarun danne sha'awar sha suke koyarwa. Akwai kuma Millati Islami, ƙungiyar masu neman daina shaye-shaye wadda Musulmi suka kafa a Baltimo ta Amurka a 1989. Tunda aikinka na dare ne, tarukan intanet ta manhajar Zoom za su yi maka amfani, amma ni na fi so ka je da ƙafarka, ka samu wanda ya daɗe da dainawa ya ba ka lambarsa, don ranar da abin zai taso maka da tsakar dare.

Takardunka kuwa, ba taron ne zai taɓa su ba, kwalbar ce. Bizarka a hannun mai aikinka take rataye. In aka ji warin giya a bakinka kana ɗaga tsohuwa daga gado, aka sallame ka, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara. Tuƙi cikin maye kuma aƙalla shekara ɗaya ba lasisi, ga tabon kotu da zai biyo ka ranar neman zama na dindindin.

Saura gida. Zariya dai ka san ta, magana in ta fita daga Tudun Wada da hantsi, kafin la'asar ta kai Ƙofar Doka. Ba sai dangi sun ji ba. Amma maiɗakinka ta riga ta ga kuɗi ya ragu, kuma wataƙila abin da take zargi ya fi gaskiyar muni: tana tsammanin wata ka ajiye a can. Ita ka gaya wa, ita kaɗai. In har magana ta kai ga manya, wani kawu ya ce a dawo da kai a kai ka gidan mari, ka tuna musu mutanen da 'yan sanda suka fito da su cikin sarƙa a Kaduna a 2019. In jinya a gida ta zama dole, Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa.

Ka bari sai ka je taro na farko sannan ka kira ta, don in ta ce "to yanzu me za ka yi?" ka samu ranar taron da sunan titin da ake yinsa ka faɗa mata.